Zuciya da Gicciye a Tamanrasset: Abin da Gini Yake Faɗa

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a cikin ikkilisiyoyi, wato neman alamun ƙungiyoyin asiri a jikin tsofaffin gine-gine. Mutum zai ga ido a cikin zane mai kusurwa uku a saman ƙofa, ko tauraro mai tsini shida a jikin taga, nan da nan sai ya yanke hukunci cewa 'yan asiri ne suka gina wurin. Daga nan magana ta bar gini ta koma kan mutane. A fara raɗe-raɗi a kan dattijon da ya ba da kuɗin aikin, ko a kan maginin da ya daɗe a kabari, jikokinsa kuma su sha kunya a cikin taron masu bi.

Tsoron nan yana da tushe. Ƙungiyar Freemason, wadda ta kafa babban zaurenta a Landan a 1717, takan sa sukwaya da kamfas na magina a jikin gine-ginenta, Ikkilisiyar Katolika kuwa ta hana 'ya'yanta shiga cikinta tun 1738. A Legas ma wani limamin Anglikan ne, T. A. J. Ogunbiyi, ya kafa ƙungiyar da aka sani yau da suna Reformed Ogboni a 1914. Amma alama ɗaya takan yi wa iyayengiji da yawa aiki. Masu zanen majami'un Turai sun yi amfani da ido cikin kusurwa uku domin su nuna Allah Uku-Cikin-Ɗaya tun kafin Freemason su ara. Tauraro mai tsini shida kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe kwabo mai huji na zamanin Turawa ya gan shi a tafin hannunsa. Kama da wane ba wane ba ne.

Wurin da ya dace a koyi karatun gini a natse shi ne Tamanrasset, birnin da ke kudancin Aljeriya a gindin duwatsun Ahaggar. Hausawa sun san hanyarsa: daga Agadas zuwa Arlit, zuwa Assamaka, a tsallaka iyaka a In Guezzam, sa'an nan a yi tafiyar kilomita wajen 400 cikin hamada. Baƙo Kirista da ya isa can zai ga siffar gicciye a kan sirdin raƙumi, da kayan azurfa na mata, da rubutun da ke jikin duwatsu. Waɗansu matafiya Turawa na ƙarni na 19 sun ga haka suka ce lalle Abzinawa Kirista ne a dā. Amma a rubutun Abzinawa, wato Tifinag, wannan siffa harafin "t" ce, masu sirdin kuwa Musulmi ne. Ashe mai ɗoki ma yana kuskuren karatu kamar yadda mai tsoro yake yi.

Duk da haka akwai alamar 'yan'uwantaka ta ainihi da ke haɗe da garin: jar zuciya da ƙaramin gicciye a bisanta. Charles de Foucauld ne ya ɗinka ta a ƙirjin farar rigarsa, yana kuma zana ta a kan wasiƙunsa tare da kalmomi biyu na Latin, Iesus Caritas, wato Yesu da ƙauna. An haife shi a Faransa a 1858. Ya yi aikin hafsan soja, ya yi rayuwar banza, ya tuba a 1886, aka naɗa shi firist a 1901. Gidansa na fari a hamada, a Beni Abbes, ya kira shi Khawa, wato 'yan'uwantaka, domin burinsa shi ne Musulmi da Kirista da Bayahude kowa ya ɗauke shi ɗan'uwa. Ya iso Tamanrasset a watan Agusta 1905, lokacin ƙauye ne mai gidaje wajen ashirin. Ya bar gine-gine uku a wannan yanki, kowanne kuma da tasa shaidar game da alamar nan.

Na fari shi ne ɗakin da ake kira La Frégate, domin dogo ne siriri kamar jirgin ruwa. Da dutse da laka aka gina shi, tsawonsa da farko wajen mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba. A ciki yake addu'a, a ciki yake kwana, a ciki yake karɓar baƙi. A nan ya yi shekaru yana tattara kalmomi da waƙoƙin Abzinawa, aikin da ya zama ƙamus mai juzu'i huɗu da aka buga a 1951 zuwa 1952. A nan kuma ya kwanta ciwo a farkon 1908, lokacin fari, bayan ya rabar da abincinsa. Maƙwabtansa Musulmi suka bi rugage suna neman nonon awaki, da shi suka ceci ransa. Wannan ɗaki ya fi sauran faɗin gaskiya. Ba shi da katanga, ba shi da lungun ɓoye kome, mai shi kuma ya zama mabukaci a hannun waɗanda ya zo taimako. Ko da ba a zana zuciya ko ɗaya a jikinsa ba, ginin da kansa ya riga ya ce "ɗan'uwa".

Na biyu shi ne ɗakin dutse da ke bisa tudun Assekrem, kilomita wajen 80 daga garin, a tsayin da ya haura mita 2,700. Masu yawon buɗe ido sun fi son sa saboda fitowar rana a kan duwatsu, hotonsa ne kuma ya fi yawo a duniya. Ginin yana da kyau, ya saje da dutsen da aka sassaƙo shi daga ciki. Amma Foucauld wata biyar kaɗai ya zauna can a 1911, sanyi da ƙarancin abinci suka sauko da shi. Wurin ya dace da kaɗaitar addu'a, sai dai zumunta a ƙafa take, mutanen da ya kira 'yan'uwa kuwa yawancinsu suna ƙasa.

Na uku shi ne Borj, gidan ganuwa na jan tubali, wanda aka gina daga 1915 zuwa 1916. Katangarsa doguwa ce mai kauri, akwai rijiya a tsakar gida, ƙofa ɗaya ce ƙarama wadda sai an sunkuya. Dalilin ginin ba mugu ba ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ci, mahara suna yawo, garin Djanet ya faɗa hannun mayaƙan Sanusiyya a watan Maris 1916, sojan Faransa mafi kusa kuma suna Fort Motylinski, tafiyar kilomita wajen 50. Foucauld ya so talakawan ƙauyen su sami mafaka. Amma a cikin gidan an ajiye bindigogi da harsasai na Faransawa. Mai gidan kuma tsohon hafsa ne, abokin Janar Laperrine, yana rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a ƙasar. Wanda ya hango Borj daga nesa ba zai ga zuciya da gicciye ba. Zai ga sansanin masu mulki.

Ranar 1 ga Disamba 1916 da yamma, wani mutum da ya sani ya kira shi daga waje, ya ce wasiƙu sun iso. Da ya buɗe ƙofa sai aka fizgo shi, aka ɗaure shi, mahara suka shiga kwasar kaya. Sai ga sojoji biyu a kan raƙuma, yaron da aka sa tsaronsa ya firgita ya harbe shi. Maharan suna tare da Sanusiyya, ɗarikar da mabiyanta su ma suke kiran juna ikhwan, wato 'yan'uwa. A cikin watan nan ne Kawsan ya kewaye sojan Faransa a Agadas. Musa ag Amastan, sarkin Abzinawan Ahaggar, ya rubuta wa ƙanwar mamacin wasiƙar ta'aziyya mai cike da baƙin ciki. Wannan ya nuna waɗanda suka san mutumin a ɗakinsa na fari sun gane alamar rigarsa. Waɗanda suka san shi ta wurin ganuwa, bindigogi suka zo nema.

Faɗin haka ba ya rage darajar bawan Allah. Ya mutu ba tare da ko almajiri ɗaya yana zaune da shi ba, amma ƙwayar da ta faɗi ƙasa ta tsiro. René Voillaume ya kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu a El Abiodh Sidi Cheikh a 1933, Magdeleine Hutin ta kafa Ƙananan 'Yan'uwa Mata na Yesu a Touggourt a 1939, dukansu a Aljeriya. Suka ɗauki zuciya da gicciye alamarsu, suka zaɓi zama a ƙananan gidaje cikin unguwannin talakawa, suna aikin hannu kamar kowa. Cikin gine-ginen nan uku, ƙaramin ɗakin suka gada. Fafaroma Francis ya sa Foucauld cikin jerin tsarkaka ranar 15 ga Mayu 2022.

To, ga abin da Tamanrasset take koya wa mai neman alamu. Kafin a buɗe baki a kan zanen da ke jikin bango, a fara sanin wanda ya gina wurin da shekarar da ya gina shi. A tambayi abin da zanen yake nufi ga mutanen wannan zamani da wannan ƙasa. Sa'an nan a duba ƙofa: wa yake da izinin shiga, me ake yi a ciki, akwai rantsuwar da ba a iya faɗa wa mata da 'ya'ya? Ƙungiyar asiri ana gane ta da abin da take ɓoyewa. 'Yan'uwan Foucauld alamarsu a fili take, ƙa'idodinsu a rubuce suke, kowa yana iya karantawa. Haka Manzo Bulus ya yi a Atina, ya zaga gari ya duba wuraren sujadarsu da kyau kafin ya yi magana, maganarsa kuwa ta sami masu ji. Matambayi ba ya ɓata, amma shaidar zur a kan ɗan'uwa zunubi ce, ko da a kan zanen taga aka gina ta.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ya fi ɗaci. Tun rikicin Kafanchan na 1987, da na Kano na 1991, da na Kaduna na 2000, majami'u da yawa a Arewacin Nijeriya sun ɗaga katanga, sun sa ƙofar ƙarfe da masu gadi. Ba mai hankalin da zai zarge su, gama an zubar da jini, rigakafi kuma ya fi magani. Amma Borj yana tunasar da dattawan ikkilisiya cewa maƙwabci yana karanta ginin majami'a kamar yadda masu bi suke karanta na waɗansu. Gicciyen da ke bisa rufi yana magana, katanga ma tana magana, sau da yawa kuma muryarta ta fi ƙarfi. In ya zama dole a yi ganuwa, sai a bar famfon ruwa a waje inda matan unguwa za su ɗiba, a bar ɗakin shan magani a buɗe ga kowa, fasto da katikis kuma su riƙa fita gaisuwar suna da ta mutuwa a gidajen maƙwabta. Wanda ya ƙi yin haka, ranar da ciwo ya kwantar da shi ba zai sami mai neman masa nonon akuya ba.