Allo a Hannun Yaro: Horo Bayan Ajiye Bulala a Zangon Akra

A shekarar 2017 Hukumar Ilimi ta Ghana ta hana dukan yara a makarantu. A 2019 kuma ta umarci malamai su bi jagorar horo ba tare da bulala ba: malami ya zauna da ɗalibai su tsara dokokin aji tare, wanda ya karya a bi da shi mataki-mataki, daga gargaɗi har zuwa kiran iyaye. Umarnin ya haɗa da makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, irin waɗanda yaran unguwannin Nima da Mamobi na Akra ke zuwa. Ba a rasa iyayen da ke ganin wannan baƙon ra'ayi ne da zai sangarta yara. Ni dai ina ganin mun daɗe da saninsa.

A Zango, in aka ce makaranta, ta allo ake nufi. Ka tsaya ka duba yadda take tafiya. Yara talatin a zaure ɗaya, amma da wuya ka sami biyu a wuri guda: wannan yana babbaƙu, wancan farfaru, na gefe ya yi nisa da izu. Ba a jan kowa, ba a tsayar da kowa don jiran wani. Yaro ne ke auna kansa, in ya ji karatu ya zauna ya taso gaban malam ya biya. Ya iya, a ce ya wanke. Ya yi gaggawa, ya koma da allonsa yadda ya zo da shi, kowa na gani, kuma ya san ba wanda ya ja masa. Shi ke adana allonsa, shi ke fiƙe alƙalaminsa, babba kuma shi ke biya wa ƙarami. Abin da Mariya Montesori ta fara a birnin Rum a 1907, na barin yaro ya tafi daidai ƙarfinsa cikin sa'anni da manya, yana nan a zaurukanmu tun kafin nan.

Amma kada mu ƙawata abin fiye da yadda yake. Yaron allo yana da ta cewa a kan saurin tafiyarsa, ba shi da ita a kan abin da zai karanta. Dorina kuma tana gefen buzu, kuma sau da yawa babban ɗalibin da aka bar wa yara ita yake fara ɗauka.

Wannan ciwon yana ajin boko ma. Malami zai fita, ya ce wa monita ya rubuta sunayen masu surutu. Ana kiran wannan ba da alhaki, alhali iko ne kawai aka ara wa yaro a kan 'yan'uwansa, yana koya masa tsegumi, su kuma yana koya musu lallashin mai takarda. Abin yana damuna ƙwarai, don yaron da ya yi wannan da safe, shi ne ranar Asabar zai zauna a makaranta da ƙananan yara uku yana bi da su harafi-harafi, ba wanda ya ce ya tsare su, su kuma ba su tashi ba. A can an ba shi sunaye ya kai ƙara. A nan an ba shi karatun wani a hannunsa, malam kuma zai tambaye shi in ƙaramin ya kasa biyawa.