Henri Letondal da sana'ar fitowa a matsayin Bafaranshe a Hollywood

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu shirya fim a Hollywood sun kamu da son birnin Paris. Labarai da yawa a can aka kafa su, amma galibi a cikin situdiyo a Kalifoniya ake ɗaukarsu. Titi da ƙofar otal kafinta ke ƙerawa. Harshe ne kafinta ba ya iya ƙerawa, don haka wata sana'a ta samu gindin zama: mutum ya fito minti biyu ko uku a matsayin ɗan sanda, ko mai kanti, ko ma'aikacin kotu, ya yi Turanci da karin harshen Faransawa, ya ɗaga kafaɗa, ya fice. Sau da yawa ko sunansa ba a rubutawa a jerin 'yan wasa.

Henri Letondal na cikin waɗanda suka ci abinci da wannan sana'a, kuma rayuwarsa na nuna abin da take haɗiyewa. A Montreal ta Kanada aka haife shi a 1901, a gidan da kiɗa gado ne. Kakansa Paul makaho ne da ya zo daga Faransa yana koyar da kiɗa, mahaifinsa Arthur kuwa makaɗin piyano ne da ogan ɗin coci. Henri ya koyi kaɗa selo, babban gogen nan na Turawa, ya yi sharhin kiɗa a jaridu irin su La Patrie, ya rubuta wasannin kwaikwayo. Daga 1929 ya shafe shekaru yana tsara shirin L'Heure provinciale a gidan rediyon CKAC. A garinsu, shi ke auna aikin wasu ya faɗi darajarsa.

Da ya koma Amurka, ba wanda ya nemi wannan ilimi. Ya fito a The Razor's Edge a 1946, ya zama mai sayar da kayan tarihi a The Big Clock a 1948, sannan masanin kimiyya a Monkey Business na Howard Hawks a 1952, tare da Cary Grant da Marilyn Monroe. Abin da ya fi damuna shi ne kunnen Hollywood bai rarrabe Faransancin Quebec da na Paris, kuma bai damu ya rarrabe ba. Fifi D'Orsay ma 'yar Montreal ce, amma a matsayin 'yar Paris aka tallata ta. Hatta Bafaranshen asali bai tsira ba: Marcel Dalio, wanda yake cikin manyan jaruman La Règle du jeu na Jean Renoir a 1939, mai kula da teburin caca ya zama a Casablanca a 1942.

Duk da haka ban yarda a raina aikin ba. Jarumi yana da awa biyu ya shawo kan mai kallo. Mai ƙaramar fitowa jimla uku gare shi, a cikinsu zai nuna ko wane ne shi, ya ba jarumin abin mayar wa martani, kuma kada ya ɗauke masa hankalin jama'a. Aiki ne na sanin lokacin shiga da lokacin yin shiru, kuma a ganina shekarun da Letondal ya yi yana sauraren makaɗa sun yi masa rana a nan.

Ya rasu a Burbank a Fabrairun 1955. A Bullet for Joey, wanda ya fito a ciki tare da Edward G. Robinson, an sake shi bayan rasuwarsa a shekarar, kuma a Montreal aka kafa labarinsa.