Uwa da Ɗan da Ya Gagara: Nazarin Fim ɗin "We Need to Talk About Kevin"

Jigon uwar da ɗanta ya gagare ta ba baƙo ba ne ga mai kallo Bahaushe. An daɗe ana nuna Mother India na Mehboob Khan (1957) a gidajen sinima na Kano, kuma jama'a ba su gaji da shi ba. Da ma'aunin wannan fim za a auna wanda Lynne Ramsay ta shirya a 2011, wanda ta ɗauko daga littafin Lionel Shriver na 2003.

A Mother India ba a ɓoye dalilin kangarar Birju ba. Bashin rufi 500 da aka ci wurin Sukhilala domin biki shi ne ya cinye gonar gidansu da amfaninta, yaro kuwa ya tashi yana ganin haka. Manomin Durba ko na wani ƙauye a ƙasar Kibiya da Rano, wanda ya san ciwon cin bashi da bazara a biya da hatsi da kaka, ba ya bukatar tafinta a nan. Har buɗe hanyar ruwa da aka fara fim ɗin da ita tana iya tuna masa madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974. Da Birju ya kashe Sukhilala ya sace 'yarsa, sai Radha ta harbe shi da hannunta, gari ya ɗauke ta uwar kowa.

Ramsay ta hana mai kallo wannan sauƙi. Kevin bai san yunwa ba, ba a zalunci ubansa ba, amma kafin ya cika shekara 16 ya kashe ubansa da ƙanwarsa, ya kulle 'yan makarantarsu a ɗakin wasanni ya yi ta harbinsu da kibiya. Labarin duk ta idon uwarsa Eva (Tilda Swinton) yake zuwa, a wargaje, yadda tunani kan zo wa wanda ya kasa barci. Saboda haka ba a san ko jaririn nan mai kukan ƙeta haka yake ba, ko kuwa haka uwa ke tuna shi bayan ta ga abin da ya zama. Nan ne ƙarfin fim ɗin. Wurin da ya fi kowane nauyi shi ne inda Eva ta fusata ta wurgar da yaron har hannunsa ya karye, shi kuwa ya rufa mata asiri a gaban ubansa. Wannan rufin asiri ba tausayi ba ne, igiya ce ya ɗaura mata.

Akwai inda mai kallo Bahaushe zai yi turjiya. Fim ɗin yana jan hankali a zargi sanyin Eva ga ɗanta, kamar shi ne tushen ɓarna. To, Kevin ɗan fari ne, a al'adar Hausa kuwa uwa kan yi kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba a kuma ce wannan yana lalata yaro ba. Dalili shi ne akwai kaka da goggo da kishiyar uwa da ke cike gurbin. A katafaren gidan Eva babu ko ɗaya daga cikinsu, sai miji (John C. Reilly) da ba ya yarda da abin da take gaya masa. Ashe abin da fim ɗin ya nuna, ko da bai nufa ba, shi ne haɗarin gidan da tarbiyya ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Karin magana biyu na Hausa suna karo a nan: ɗaya ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗayan ya ce hali zanen dutse. Ramsay ta ƙi zaɓar ɗaya, ta kuwa yi daidai.

Inda ta gaza shi ne wajen launi. Jan tumatir, jan fentin da aka watsa wa gidan Eva, jan abin shafa wa burodi: an nanata alamar jini har ta daina tsoratarwa. Mehboob Khan ya bar jan ruwan nan na ƙarshe ya yi aikinsa. Haka kuma Ezra Miller ya cika zare ido da murmushin mugunta, har wani lokaci ya fi kama da dodon tatsuniya.

Radha ta yanke wa ɗanta hukunci, gari ya yafe mata. Eva ba ta da wannan mafita. Ta zauna a garin da ake marinta a titi, tana kankare fenti, tana zuwa kurkuku ziyara. Bayan shekara biyu ta tambaye shi dalili, ya nuna shi ma ya daina tabbatar da abin da a da yake zaton ya sani, sai ta rungume shi. A wani ɗaki na gidanta ta riga ta gyara masa gado, ta goge rigunansa ta ajiye.