Zanen Aro: Nazarin Katin Babbar Firist

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Karin maganar nan ta dace da wani hoto da ake gani a littattafan duba da wayoyin hannu, wanda zai iya ruɗin mai bi da ganin farko. Hoton mace ne a zaune, da gicciye a ƙirjinta, da naɗaɗɗen littafi a cinyarta mai rubutun TORA. Wanda ya gani zai ce daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi. Ashe kati ne mai lamba 2 cikin katunan tarot, ana kuwa kiransa Babbar Firist.

Katunan tarot 78 ne, 22 daga cikinsu manya masu hotuna. A arewacin Italiya aka fara yinsu wajen shekarar 1440, domin wasan karta a gidajen sarauta irin na Milan, ba domin duba ba. A katunan Marseille na Faransa, sunan wannan kati La Papesse, wato mace Paparoma. Mutane da dama sun danganta shi da tatsuniyar wata mace da aka ce ta ɓad da kama ta hau kujerar Roma, labarin da masana tarihi ba su yarda ya faru ba. A wasu wurare hoton ya ɓata wa mutane rai, har masu buga katunan Besançon suka sa Juno, allahiyar Romawa, a madadinta.

Sai a 1781 wani fasto, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa katunan ragowar littafin asirin firistocin Masar ne. Bai kawo shaida ba. A lokacin ma ba wanda ya iya karanta rubutun tsohuwar Masar, gama sai a 1822 Champollion ya warware shi, ba a kuwa sami tarot a ciki ba. Duk da haka maganar ta bazu, masu duba suka karɓe ta hannu biyu.

Hoton da aka fi sani yau an buga shi a Landan a 1909. Pamela Colman Smith ce ta zana shi bisa ga umarnin Arthur Edward Waite, dukansu biyu 'yan wata ƙungiyar asiri ce mai suna Golden Dawn. Lalle a ba mai zane haƙƙinta, gama aikin ya yi kyau. Matar tana zaune tsaf, tana duban mai kallo ido da ido, bakinta a rufe. Shuɗiyar rigarta ta gangaro ƙasa kamar ruwa mai malala. Kome na hoton a natse yake, har mai kallo yakan ji kamar bai kamata ya ɗaga murya ba. Amma kyan zane dabam, gaskiyar abin da zanen yake faɗa dabam.

A fara da ginshiƙai biyu da take zaune tsakaninsu, baƙi mai harafin B da fari mai harafin J. Waɗannan su ne Bo'aza da Yakin, waɗanda Sulemanu ya kafa a shirayin Haikali (1 Sarakuna 7:15-22). Huram mutumin Taya ne ya ƙera su, tsayin kowane kamu 18, aka yi wa kawunansu ado da siffar rumman. Ma'anar Yakin ita ce “zai kafa”, ta Bo'aza kuwa “ƙarfi yana cikinsa”. Sunayen nan shaida ne a kan amincin Allah, a fili suke tsaye inda kowane mai zuwa sujada zai gani. Dukansu biyu na tagulla ne, ba baƙi ba fari. Launin nan daga ɗakin taron ƙungiyar asiri ya fito, domin a nuna haske da duhu a matsayin abokan juna da suke daidaita duniya. Marubucin Sarakuna bai san wannan koyarwa ba.

Sai jinjirin watan da yake wajen ƙafarta. Wannan yana tuna wa mai karatu matar da aka gani a Wahayin Yahaya 12, mai wata a ƙarƙashin sawayenta. Amma waccan tana saye da rana, da kambin taurari 12, tana kuka da zafin naƙuda a gaban macijin da yake jiran ya cinye ɗanta. Matar kati ba ta naƙuda, ba ta da magabci. Kambinta kuwa ƙaho biyu ne da ƙwallo a tsakiya, irin wanda ake gani a kan Isis da Hathor, allolin Masar. An ɗauki wata daga Yahaya, an ɗauki kambi daga Masar, an haɗa su a jiki ɗaya.

Abin da ya fi nauyi shi ne labulen da yake bayanta, mai adon rumman da dabino. A Haikali labule ba ya tsakanin ginshiƙai. Can ciki yake, a ƙofar Wuri Mafi Tsarki, inda babban firist kaɗai yake shiga sau ɗaya a shekara da jinin hadaya (Littafin Firistoci 16). Mai zane ta jawo labulen zuwa bakin ƙofa, ta zaunar da mai tsaro a gabansa. Ta gefe ana hangen ruwa kaɗan a baya, daidai abin da zai sa mutum ƙishi. Naɗaɗɗen littafin ma mayafinta ya rufe sashensa. Waite da kansa ya bayyana cewa an yi haka ne domin a nuna akwai abin da ake faɗa, akwai abin da ake bari a ɓoye. Saƙon hoton duka ke nan: akwai sani a bayan labule, 'yan kaɗan ne za su kai gare shi.

A nan katin ya rabu da littafin da ya ari kayansa. Musa ya umarta a karanta Attaura a kunnen jama'a duka, maza da mata da yara da baƙi (Maimaitawar Shari'a 31:11-12). Matiyu 27:51 ya ba da labari cewa sa'ad da Yesu ya mutu, labulen Haikali ya tsage biyu daga sama har ƙasa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 10, ta ce saboda haka kowane mai bi yana da gaba gaɗin shiga. Katin kuwa yana da gicciye a ƙirjin matar, labule kuma yana nan lafiya lau a bayanta. Wato an rataye alamar abin da ya tsaga labulen, an sāke ɗinke labulen.

Shi ya sa hoton yake jan zuciyar mai damuwa. Wanda yake jiran sakamakon jarrabawa, ko matar da ta daɗe ba ta sami haihuwa ba, yakan ji kamar amsar tana bayan wani labule. Mai duba da kati yakan ce masa katin yana nufin asiri da abin da bai bayyana ba tukuna, kamar yadda mai bugun ƙasa yake karanta layukan da ya zana a rairayi. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta riga ta raba zancen: abubuwan ɓoye na Ubangiji ne, waɗanda aka bayyana kuwa na mutanensa ne domin su aikata.

Mai bi ba ya bukatar jin tsoron takarda da tawada. Zai iya duban hoton, ya yaba hannun da ya zana shi, ya kuma gane inda aka aro kowane yanki. Amma zanen aro ba ya rufe katara. In yaro ya kawo hoton nan ya tambaya ko na Kirista ne, sai a buɗe masa 1 Sarakuna 7 da Matiyu 27, a bar shi ya gwada da idonsa.