Tatsuniya a Bakin Murhu: Nazarin Littafin Malam Shaihu

Idan watan Disamba ya kama, iskar hunturu takan sauko daga arewa har ta iso Ankara. Sanyinta bai kai na Kano ko Maradi ba, amma a Nima da Mamobi ana jinta a jiki. Leɓe ya tsage, hazo ya rufe sama, da asuba mutane su kewaye mai koko da ƙosai. Da dare kuwa, yara sukan matso kusa da kurfoti suna jin ɗumi. A irin wannan dare ne kakanninmu suke yin tatsuniya. Ga tambayar da ke damun iyaye masu bi da yawa: labarin Gizo da Dodo da mayu, kayan arna ne da ya kamata mu watsar, ko kuwa gado ne da za mu riƙe?

Akwai littafin da zai taimake mu ba da amsa, a ƙasar nan kuwa aka rubuta shi. A shekarar 1913 aka buga shi a Oxford cikin juzu'i biyu, da sunan wani Bature ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, R. S. Rattray. Amma wanda ya zauna ya rubuta labaran da ajami shi ne Malam Shaihu. Rattray ya juya su zuwa boko, ya fassara su da Turanci. Don haka na kira shi littafin Malam Shaihu, gama mai noma shi ne mai hatsi.

Abu na fari da mai karatu zai lura shi ne yawancin labaran suna ƙarewa da bayanin mafarin wani abu. Wani ya nuna yadda zanzaro ya sami siririn ƙugu. Wani ya nuna yadda Auta ya fi mayya dabara, har aka soma kewaye gari da ganuwa. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin koyarwa game da halitta, lalle zai tsorata. Amma ba mai sauraron da ya taɓa ɗaukarsa haka. Tatsuniya da bakinta take faɗa cewa ita ƙagagge ce. Mai ba da ita yakan rufe da "ƙurungus kan kusu", yara su yi dariya, kowa ya tafi barci.

Nan ne bambancinta da bori da tsafi. Bori yana neman a yanka akuya ko kaza, a kira iska da sunansa, a ji tsoronsa. Tatsuniya ba ta neman hadaya. Dodon da ke cikinta kullum ƙaramin yaro ne ko marainiya ke cin nasara a kansa. Watau a lokacin da dare ya yi duhu, iska tana kaɗa ƙyaure, kaka takan ɗauko abin tsoron, ta ajiye shi a gaban wuta, ta nuna wa jikokinta cewa ana iya kayar da shi.

Wani zai ce ai Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan tatsuniyoyi marasa amfani. Gaskiya ne. Amma abin da yake tsauta wa shi ne ƙagaggen labari da aka ɗora a matsayin koyarwar bangaskiya. Littafi Mai Tsarki kansa ya san amfanin misali. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya ba mutanen Shekem labarin itatuwa da suka tafi neman sarki. Annabi Natan kuma da labarin 'yar tunkiyar matalauci ya kama Sarki Dawuda.

Duk da haka ba zan ce littafin ba shi da aibi ba. Na ɗaya, Gizo maƙaryaci ne mai haɗama, wani lokaci kuma yakan tsira da abin da ya ci. Haka ɗan'uwansa Ananse yake a wurin maƙwabtanmu Asante. A bakin murhu akwai kaka da za ta tsaya ta tambayi yara ko abin da Gizo ya yi daidai ne. A kan takarda ba kowa. Na biyu, tatsuniya fasahar mata ce, tsofaffi da amare, amma a nan ta hannun maza biyu ta iso mana. Waƙoƙin da ke tsakiyar labari sun zama layuka marasa karin murya. Ba a jin tsamin bakin Gizo, ba a jin amshin yara. Abin ya zama kamar busasshiyar kuɓewa: tana yin miya, amma ba kamar ɗanya ba.

Yau a Nima da Mamobi gidaje sun cunkushe, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, talabijin da waya sun karɓe hirar dare. A shekarun 2014 da 2015, lokacin yawan ɗaukewar lantarki da ake kira dumsor, duhu ya komo gidajenmu, amma a gidaje nawa aka sami mai ba da labari? Hausa ce ke haɗa Bafrafra da Badagomba da Bazabarme a zango, Kirista da Musulmi. Yaron da ya san Hausar kasuwa kaɗai, bai san ta tatsuniya ba, an rage masa gado.

Saboda haka, 'yan'uwa, shawarata ita ce a nemi littafin nan a karanta, amma kada a tsaya a nan. Uwa ko uba ya karanta da rana, ya tace, ya zubar da tsakuwa. Da dare a rufe littafin, a hura gawayi, a kira yara. In an gama, a tambaye su abin da suka koya, sa'an nan a yi addu'a a kwanta.