Daga Majigi zuwa Wayar Hannu: Koyar da Kimiyya da Guntun Bidiyo a Kudancin Kano

Koyarwa da hoto mai motsi ta daɗe a ƙasar Hausa. A zamanin Turawa motar majigi kan shiga garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci da daddare, a nuna fim kan tsafta, rigakafi ko noma, mai bayani yana fassarawa ta lasifika. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya irin waɗannan fina-finai a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda da fari jami'in tsafta ne a Legas. Fim ɗin Baban Larai, mai ƙarfafa gwiwar manoma, yana cikin waɗanda dattawa ke tunawa har yau. Majigi ya isar da saƙo, sai dai umarni yake bayarwa: yi kaza, bar kaza. Mai kallo ba shi da damar tambayar dalili.

Yanzu ƙyallen ya koma tafin hannu. A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, shagunan cajin waya da masu tura fina-finai sun sa guntun bidiyo ya isa inda littafin karatu bai isa ba. Yaro kan zo aji ya riga ya ga wani yanki na fim ɗin Kannywood, tallar magani ko bidiyon TikTok da aka turo ta WhatsApp. Wannan tarin shi ne malami mai dabara ke ɗebowa, ya nuna minti biyu ko uku, ya tsayar, ya gina darasi a kai.

Hanyar binciken kimiyya tana da matakai sanannu: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sannan auna sakamako. Bidiyo yana da ƙarfi a mataki na farko da na biyu kawai. Saboda haka guntun da ya fi amfani a aji shi ne mai ɗauke da iƙirarin da za a iya gwadawa, ko da iƙirarin ƙarya ne. A yankin da masara da shinkafa ke ciyar da gidaje, tallar da ke cewa wani taki yana ninka amfanin gona ta ishi darasin mako shida. Malami ya tambaya: ta yaya aka sani? Ɗalibai su shuka masara iri ɗaya a gwangwanaye, ƙasa ɗaya, ruwa daidai, wasu da taki wasu babu, su riƙa auna tsayi da rula suna rubutawa. Daga nan suke gane dalilin ware gwangwanin da ba a sa wa komai ba, da dalilin da ya sa tsiro ɗaya tak ba ya zama hujja. Wannan fahimta haddar ma'ana a allo ba ta bayar da ita.

Akwai misalin da ya fi wannan nauyi. A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙo ya bazu ta waya a faɗin Nijeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum. Mutane da dama sun kwanta asibiti, har an yi asarar rai. Ɗalibin da ya bi diddigin wannan labari, ya tambayi wa ya faɗa, a ina aka gwada, a kan mutum nawa, ya sami abin da zai kare shi da iyalinsa bayan ya bar makaranta.

Yankin kansa yana cike da abin nunawa. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana buɗe darasin ban-ruwa, da na tsargiya, wadda ƙwayarta ke rayuwa cikin katantanwar ruwa kafin ta ratsa fatar mai wanka. Dajin Falgore ya dace da darasin muhalli, tsofaffin ramukan kuza na Riruwai kuma da na ma'adinai. Ga malamin Hausa ko na zamantakewa, fage ɗaya daga shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 kan wadatar wajen tattauna karin magana ko zaman iyali.

Matsalolin ba ƙanana ba ne. Wuta ba ta tsayawa, aji ya cika maƙil, waya ɗaya ba ta wadatar da idanu tamanin, dole a kasa yara rukuni-rukuni. Yawancin bidiyon kimiyya masu kyau da Turanci suke, sai malami ya koma mai bayani irin na majigi. Iyaye da yawa kuma suna ɗari-ɗari da fim, kuma suna da hujja, don haka wajibi ne malami ya kalli guntun tun a gida, ya tace shi, ya sanar da shugaban makaranta.

Babban haɗarin yana cikin ajin ne. Idan aka kunna bidiyo don cike lokaci, ko aka nuna gwaji a waya a madadin yin sa da hannu, an maimaita aibin majigi: yara sun kalla, sun gaskata, ba su tambaya ba. Darasin da ya ƙare ba tare da ɗalibi ya auna wani abu da kansa ba, kallo ne aka yi, ba a koyar da kimiyya ba.