Jarumtar Mata a Ma'aunin Harshen Hausa: Tsokaci daga Kujama

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna bin diddigin jigon jarumta a cikin kirari da waƙoƙin maza da labaran yaƙi. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda harshen yake auna jarumtar mace ta yau da kullum. An ɗauki misali daga yankin Kujama, hedikwatar ƙaramar hukumar Chikun ta Jihar Kaduna, inda Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin Gbagyi da Adara da Hausawa da Fulani.

2.0 Kalmomin Yabo

Idan mace ta yi bajinta, Bahaushe kan ce ta yi namijin ƙoƙari, ko ta yi ta maza, ko kuwa ya kira ta mace mai kamar maza. Wato sai an aro mata rigar namiji kafin a yabe ta. Wannan ma'auni ne ya ɗaukaka Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ta shiga fagen fama, da Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001), wadda ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU. Dukansu sun cancanci makaranta da asibitin da aka sa wa sunayensu a Kaduna da Zariya, amma a filin da ake ɗauka na maza ne aka gan su. Ita kanta kalmar "jaruma", tun bunƙasar finafinan Hausa a shekarun 1990, ta fi karkata ga 'yar wasa.

3.0 Haƙuri ko Jarumta?

A watan Oktoba na 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, kusa da Kujama, inda 'yan sanda suka ce an rasa rayuka 55. Macen da ta sake ɗaukar kayanta ta koma cin kasuwa a wurin da aka zubar da jini, ta yi ciniki da waɗanda jiya ake gudu, me Hausa take cewa da ita? Mai haƙuri. Haka ake kiran wadda ta koma gona bayan annobar da ta cinye citta a kudancin Kaduna a 2023. Haƙuri kuwa ɗaukar abin da ya faɗo wa mutum ne. Komawa kasuwa shawara ce da mace ta yanke, ta san haɗarin, ta kuma taka.

4.0 Rubutaccen Adabi

Balaraba Ramat Yakubu ta taɓo wannan giɓi a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne (1990). Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sayar da abinci. Marubuciyar ta gina dukan labarin a kan wannan tsayuwa, ba tare da ta ba Rabi takobi ko dandamalin siyasa ba. Mai sharhin da ya taƙaita jigon da cewa "haƙuri" ya karanta littafin ne da ma'aunin da littafin yake ƙalubalanta.

5.0 Kammalawa

Hausa ba ta rasa kalmomin da ba su jingina da jinsi ba: akwai ƙarfin hali da ƙwazo da bajinta da tsayuwar daka. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su saurari yadda mata suke yabon junansu, a waƙoƙin daɓe da na amada da na Zumuntar Mata a coci-cocin Kujama da Kafanchan, su tattara kalmomin da suke amfani da su. A nan ne za a gane ko harshen ne ya gaza, ko kuwa kunnen masu nazarinsa.